Tsufan Saye da Tsufan Gumi: Waiwaye a Kan Fentin Jita

A manyan shagunan sayar da kayan kiɗa na Amurka da Turai da Japan, wani sauyi ya auku cikin shekaru talatin da suka shige wanda ya dagula bambancin da ke tsakanin sabo da tsoho, har ta kai ga cewa jitar da ta fi 'yan'uwanta tsada a jikin bango sau da yawa ita ce wadda fentinta ya ɓare, ƙarafunanta suka yi tsatsa, wuyanta ya yi duhu kamar an shekara arba'in ana murza shi, alhali kuwa ko wata guda ba ta yi da barin masana'anta ba. Jita, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya shida da dogon wuya, a da ana sayen ta ne tana ƙyalli, mai ita kuma ya yi ta kaffa-kaffa da ita har ranar da ta sami tabon farko, ranar da makaɗa da yawa ba su mantawa da ita. A yau ana sayen tabon tare da jitar, a zaɓi yawansa da zurfinsa kamar yadda ake zaɓen launi, a kuma biya kuɗi na musamman saboda shi. Abin da ya ɓace a nan ƙarami ne a ido, amma ya cancanci a tsaya a kansa: tabbacin da mai kallo ke da shi a da, cewa duk inda fenti ya goge a jikin jita, to hannun wani mutum ne ya goge shi.

Fahimtar wannan sauyi tana buƙatar a koma ga fentin kansa. Lokacin da Leo Fender ya fara ƙera jitocin lantarki masu jikin katako tsantsa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, wato Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954, fentin da ya tarar a kasuwa shi ne na masu ƙera motoci, wanda ake kira naitiroselulos, wani sinadari da ake samu daga auduga bayan an jiƙa ta da ruwan asid, kuma kamfanin DuPont ne ya yaɗa shi a masana'antar motoci tun shekarun 1920 saboda saurin bushewarsa. Wannan fenti ba shi da kauri, kuma bushewarsa ba ta ƙarewa a rana ɗaya, domin ruwan da aka narkar da shi a ciki yana ci gaba da ficewa shekara da shekaru, shi kuwa fentin yana ƙara tauri yana ƙara gautsi. Katakon da ke ƙarƙashinsa yana kumbura yana tsukewa gwargwadon zafi da sanyi da laima, amma ba da saurin da fentin ke yi ba, saboda haka idan makaɗi ya fito da jitarsa daga bayan mota a daren hunturu, ya buɗe akwatinta a ɗaki mai ɗumi, sai fentin ya tsattsage, sirarran layuka su bazu a kansa kamar ƙasar fadama da ta bushe bayan ɗaukewar damina. Hasken rana da hayaƙin taba, wanda a wancan zamani ya cika gidajen rawa da mashaya inda ake kiɗa, su kuma sukan rina saman fentin ya koma rawaya, ta yadda farar jita takan zama ruwan madara, shuɗiya kuma ta karkata zuwa tsanwa.

Wanda ya san jita yana karanta tsohuwa kamar yadda maharbi ke karanta sawu. A gefen sama na gangar jikinta, inda damtsen hannun dama ke kwanciya, fenti kan goge a hankali ba tare da kaifin baki ba, launi ɗaya yana shiga cikin wani har a iske katako, katakon kuma ya yi toka-toka saboda gumin da ya sha. A bayanta akwai ƙarzar da ƙarfen bel ya yi, wadda ke nuna ko makaɗin yana rataye ta sama kusa da ƙirji ne ko yana sake ta har cinya. A wuyanta, musamman irin wuyan farin katakon nan na shekarun 1950, akan ga baƙaƙen tabo a jere tsakanin tsirkiyoyi, kuma wurin da suka fi taruwa yana bayyana irin kiɗan da mai ita ya fi yi, domin mai rakiyar mawaƙi yatsunsa ba su cika nisa da kan jitar ba, mai fitar da zaƙin kiɗa shi kaɗai kuwa yakan gangaro tsakiya. A can kan jitar, kusa da makunnan ɗaure tsirkiya, wani lokaci akwai ƙuna baƙa, wurin da makaɗi ya saba soke karan sigarinsa kafin ya gama waƙa. Ko akwatinta idan aka buɗe yana da nasa labari, domin wani ƙamshi ne ke tasowa, na tsohon fenti da ƙura da hayaƙi da tsufan ƙyallen da aka shimfiɗa a ciki. Hausawa na cewa in ba ƙira, me ya ci gawayi, kuma da irin wannan hankali ne aka daɗe ana duban gogaggiyar jita, a matsayin shaidar aikin da aka yi da ita.

Jitoci biyu sun isa misali. Mawaƙin Amurka Willie Nelson ya sayi wata jita ƙirar Martin N-20 a 1969, ya raɗa mata suna Trigger, sunan dokin wani tauraron fina-finan kaboyi. Irin wannan jita an yi ta ne domin a kaɗa da yatsu, saboda haka ba a sa mata farantin da ke kare katako ba, shi kuwa Nelson da 'yar robar kaɗa tsirkiya yake amfani, kuma cikin shekaru fiye da hamsin wannan 'yar roba da farcensa suka huda katakon, suka buɗe rami na biyu kusa da gindin tsirkiyoyin, daidai da maganar nan ta cewa yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Ta biyu ita ce Stratocaster ƙirar 1961 da Rory Gallagher, makaɗin ƙasar Ailan, ya saya a shagon Crowley da ke birnin Cork a 1963 a kan fam 100, yana ɗan shekara 15. Bai rabu da ita ba har rasuwarsa a 1995, kuma kafin lokacin gumi ya cinye mafi yawan fentinta, ya bar tsibirai na launi a kan katako tsirara, bayanta kuma ya ɗauki shuɗin wandon jins ɗin da ya saba sawa. A watan Oktoba na 2024 aka yi gwanjonta a Landan a kan fam 700,000, ban da kason dillalai, aka kuma miƙa ta ga gidan tarihi na ƙasar Ailan. Babu ko ɗaya cikin mutanen nan biyu da ya yi nufin tsufar da jitarsa. Kiɗa suke yi, tabon kuma ya biyo baya.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa mutanen wancan zamani suna kallon gogewar fenti da irin idon da ake kallon ta yau. Mafi yawansu aibi suka ɗauke ta, kuma makaɗin da ya sami ɗan sarari yakan kai jitarsa a kankare tsohon fenti a fesa sabo, ko ya musanya ta da sabuwa, abin da ya sa jitoci masu yawa na shekarun 1950 suka rasa fentinsu na asali. Kamfanin Gibson ya fitar da samfurin Les Paul mai launin fitowar rana, ja a gefe rawaya a tsakiya, daga 1958 zuwa 1960, bai kuma ƙera abin da ya kai 2,000 ba saboda rashin kasuwa. Jan rinin da aka yi amfani da shi ba ya jure haske, yakan koɗe ko da a tagar shago, har kamfanin ya sauya shi da wani mai ƙarko a 1960. Wannan koɗewa da masu ita suka yi ƙoƙarin magancewa ita ce yau ake wa laƙabi da launin zuma ko na shayi ko na lemo, ake kuma biyan dubban ɗaruruwan daloli a kanta. Haka nan fentin naitiroselulos ɗin da ake begensa yana saurin kama wuta, tururinsa yana cutar da huhun mai fesa shi, kuma yana cin lokaci kafin a iya goge shi ya yi sheƙi. Don haka bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, sauyin da aka yi a ƙarshen shekarun 1960 zuwa fentin roba mai kauri, irin su foliyesta, yana da hujjarsa ta kasuwanci, kuma masu saye da yawa sun yi maraba da jitar da ba ta tsagewa.

Abin da ba a hango ba shi ne cewa fentin roba ba ya tsufa irin tsufan da ido ke so. Yana daskarewa ne gaba ɗaya ya zama kamar ƙwanso, gumi ba ya ratsa shi, damtse ba ya side shi, idan kuma ya bugu sai ya ɓalle kamar tangaran ya bar rami mai kaifin baki. Makaɗi zai iya shekara talatin yana kaɗa irin wannan jita kullum, ta kuma kasance kusan kamar ranar da ya saye ta. A daidai wannan lokaci ne hankalin makaɗa ya koma kan tsofaffin jitoci na kafin zamanin CBS, bisa imanin cewa da tsohuwar zuma ake magani, hotunan manyan taurari riƙe da gogaggun jitoci suka cika mujallu da bangayen faifai, masu tara kayan tarihi suka shigo da kuɗinsu, farashi ya yi tashin gwauron zabi har ya fi ƙarfin makaɗin da kiɗa ne abincinsa. Ta haka aka wayi gari da gurbi a kasuwa: tsohuwar jita ta gagari saye, sabuwa kuma ta ƙi tsufa.

Wannan gurbi ne sashen ƙira na musamman na kamfanin Fender, wanda aka kafa a 1987, ya cike a watan Janairu na 1995, lokacin da ya baje wasu jitoci biyu a taron baje kolin kayan kiɗa na NAMM a birnin Anaheim, sababbi ful amma da kamannin na shekarun 1950, ƙarƙashin sunan Relic, kalmar da ke nufin abin da ya yi saura daga zamanin da ya shuɗe. Wani gwani mai suna Vince Cunetto ne ya riƙa yin aikin tsufarwar a nasa wurin aiki har zuwa 1999, lokacin da kamfanin ya mayar da aikin cikin gida ya kuma kasa shi mataki uku, daga jitar da ta yi kama da wadda aka manta a sito ba a taɓa ba, zuwa wadda ta yi kama da an adana ta a ɗaki ana ɗan kaɗawa jefi-jefi, zuwa wadda ta sha yawon duniya. A 2009 aka fito da samfurin Road Worn mai sauƙin kuɗi daga masana'antar Ensenada ta ƙasar Meksiko, a 2021 kuma Gibson ya fara sayar da jitocin sashensa na Murphy Lab, wanda Tom Murphy ke jagoranta, inda aka kasa tsufa mataki huɗu. A shekarar da Gallagher ya bar duniya, a ita ce irin tsufan jitarsa ya zama haja.

Aikin kansa ba wasa ba ne, kuma wanda ya raina shi bai gan shi kusa ba. Ana fara ƙera jitar ne a kammala ta tsaf, a fesa mata fentin naitiroselulos a goge shi ya yi ƙyalli, sannan gwanin ya zauna da hotunan tsofaffin jitoci a gabansa ya shiga ɓata abin da aka gyara. Tsagar fenti akan same ta ta hanyar sanya jikin jitar a sanyi mai tsanani sannan a fito da shi cikin ɗumi, ko kuma a zana layukan ɗaya bayan ɗaya da tsinin reza, ana bin yadda tsagar gaskiya ke tafiya, inda take lanƙwasa da inda take tsayawa, sannan a shafa rini mai duhu ya shiga cikin tsagar ya zauna kamar daɗaɗɗiyar dauɗa. Ƙananan ƙwarzane ana yin su da tarin makullai ko wasu ƙarafa, ƙarafunan jitar kuma a tsare su a rufaffen mazubi tare da tururin asid har ƙyallinsu ya dushe. Wurin da ya fi wuya shi ne gogewar damtse, domin hannun mutum ba ya cin fenti da gaggawa, takardar goge katako kuwa tana ci, saboda haka aikin wanda bai ƙware ba nan take ake gane shi, ta wurin tabon da ya fito a inda babu wata gaɓar jiki da ke taɓawa.

Wannan dabara ta girmi jitar lantarki nesa ba kusa ba. Jean-Baptiste Vuillaume, wanda ya rayu daga 1798 zuwa 1875, mai ƙera gogen Turawa a birnin Faris, ya shahara da kwaikwayon ayyukan tsofaffin gwanayen Italiya irin su Stradivari da Guarneri har da gogewar man da ke jikinsu, kuma kwafin da ya yi na gogen shahararren mai goge Paganini ya kai matsayin da Paganini ya karɓe shi ya miƙa wa almajirinsa Camillo Sivori. A Afirka ta Yamma ma an san irin wannan, domin masanin al'adu Christopher Steiner ya yi bayani a littafinsa na 1994 kan kasuwar sassaƙe-sassaƙe ta birnin Abijan a Kodebuwa, inda Hausawa ke cikin manyan fatake, yadda ake tsufar da sabon sassaƙe da hayaƙi da ƙasa saboda mai saye daga Turai ba ya son abin da bai nuna alamar an yi amfani da shi ba. A can da nan buƙatar mai saye ce ke jan hannun mai sana'a, bambancin kawai shi ne jitar Relic tana ɗauke da tambarin kamfani da lambarta, ba ta kuma ɓoye shekarar haihuwarta ga wanda ya tambaya.

Ribar da aka samu a bayyane take, kuma adalci ne a faɗe ta. Wuyan da aka rage wa fenti ya fi santsi a tafin hannu, ba ya danƙo idan gumi ya zubo, gefunan da aka dakushe kuma ba su cizon yatsa, ta yadda makaɗi kan sami daɗin da a da sai an shekara goma ake samu. Wanda ya mallaki jitar 1957 ta gaske yana iya barin ta a gida ya yi yawon wasa da mai kama da ita, abin da ya tsirar da kayan tarihi masu yawa daga sata da karyewa a filayen jiragen sama. Akwai kuma sakewar zuciya, domin mai riƙe da jitar da ta riga ta sha tabo ba ya kiɗa a tsorace. Batun sauti ne kaɗai ya kamata a yi hattara da shi. Ana yawan cewa siririn fenti yana barin katako ya yi numfashi, amma itacen da aka sare aka busar ba ya numfashi, kuma a jitar lantarki maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya ne ke ɗaukar motsinta ya mayar da shi lantarki, saboda haka ƙwarzane a bayan jita ba ya ƙara wa kiɗa komai.

Hasarar kuwa ta fi wuyar aunawa, amma ba ta fi ƙanƙanta ba. Makaɗi Eric Clapton ya haɗa jitarsa Blackie daga sassan tsofaffin Stratocaster uku da ya saya a Nashville a 1970, ya yi shekaru yana kaɗa ta har wuyanta ya gaji, aka kuma yi gwanjonta a 2004 a kan dala 959,500 domin tallafa wa cibiyar da ya kafa ta farfaɗo da masu shaye-shaye. A 2006 Fender ya ƙera kwafinta guda 275, kowace a kan dala 24,000, an kwaikwayi kowane tabo har da ƙunar sigarin da ke kanta. Wannan ƙuna a jikin ta asali saura ce ta wasu darare da suka wuce da kuma wata ɗabi'a ta mutum guda, a jikin sauran 275 kuwa zane ce da aka auna da ma'auni. Kama da wane ba ta wane, kuma matsalar ba ta tsaya ga kwafin ba, domin da zarar ido ya san cewa ana iya ƙera tabo, to ya daina amincewa da kowane tabo, har da na gaskiya. Makaɗin da ya shekara ashirin yana cin fentin jitarsa da damtsensa, yau tambayar farko da ake yi masa ita ce ko haka ya sayo ta. An kuma buɗe ƙofa ga 'yan damfara, waɗanda ke amfani da dabarun nan su sayar da sabon sashe a matsayin tsoho, har ya zama tilas masu tantancewa su riƙa haska fenti da fitila ta musamman suna kwance kusoshi kafin su yarda da abin da idonsu ya gani.

Akwai kuma wata hasara da ta shafi mai sayen kansa, ko da shi bai ji ta ba. Jitar da aka tsufar tana zuwa ne da tarihin wani makaɗi da bai taɓa rayuwa ba, wanda aka harhaɗa daga hotuna, mai matsakaicin tsawo, mai riƙo irin na kowa. Tabonsa ya riga ya mamaye wuraren da na mai jitar zai fito, ta yadda saurayin da ya fara kiɗa da ita ba zai taɓa ganin ranar da katako ya fara leƙowa ƙarƙashin damtsensa ba, ba zai kuma iya nuna wa ɗansa wani ƙwarzane ya ce ga daren da aka yi shi ba. Wannan bai sa mai sayen ya zama maƙaryaci ba, kuma zargin da wasu ke yi cewa yana satar darajar da bai wahala a kanta ba ya yi tsauri, tun da yake ba a auna makaɗi da fenti, da kunne ake auna shi. Duk da haka abin takaici ne cewa masana'antar da ta hana jita tsufa da fentin roba ita ce ta dawo tana sayar da tsufan, alhali hanya ta uku tana nan, wato a fesa siririn fenti irin na da, a miƙa jitar tana ƙyalli, a bar mai ita da shekarunsa. Fender da Gibson duka suna ƙera irin wannan, kuma ita ce ta fi dacewa da makaɗin da yake da niyyar zama da jita ɗaya.

Jitocin farko da Cunetto ya tsufar yanzu sun kai shekara talatin ko sun doshi haka, masu tara kaya kuma sun fara neman su da sunansa, a matsayin kayan wani zamani mai zaman kansa. Da yake fentinsu naitiroselulos ne na gaske, bai daina bushewa ba tun 1995, rawayar da aka sa masa da gangan ta ƙara duhu da hasken ranar gaske, tsagar da aka ƙirƙira ta haifi wasu rassa da babu wanda ya zana su. Waɗanda suka faɗa hannun makaɗa masu aiki sun sha gumi na shekara da shekaru a kan gogewar da aka yi musu a wurin aiki, har gefen tabon ya faɗaɗa ya bi siffar damtsen mai jitar. A jikin irin waɗannan, ko gwanin da ya riƙe rezar zai sha wuya kafin ya nuna inda aikinsa ya tsaya da inda na makaɗin ya fara.